Irin da Na Zaɓa wa Yaya Sale

Tun da na dawo daga Amurka ban huta ba. A masallaci tambaya, a teburin mai shayi tambaya, har ranar da muka kai wani maƙwabcinmu makwancinsa wani ya matso kusa da ni yana raɗa, wai da gaske ne can ko mai shara da motarsa yake zuwa aiki? Na gaji da cewa "lafiya lau, sai godiya." To ga shi zan faɗa sau ɗaya, wanda ya ji ya gaya wa wanda bai ji ba. Amma mai jiran labarin dogayen benaye ya tashi ya nemi wani. Wata shida na yi a can, kuma rabinsu a bakin wata gona na ƙare su, ina kallon abin da na ɓata da hannuna.

Shekara talatin da biyu na yi ina malamin gona a ƙasar Gumel, kuma a kan riɗi na tsufa. In na damƙi iri a hannu na tauna ƙwaya biyu, zan gaya maka ko na bana ne ko na bara, ko an jiƙa shi ko ba a jiƙa ba. Ba alfahari nake ba, ko kuwa dai alfaharin ne, tunda shi ya kai ni ya baro.

Yayana Sale, uwa ɗaya uba ɗaya, ya girme ni da shekara bakwai. Shi ya bar makaranta ya bi mota domin ni in ci gaba da karatu. Ya kusa shekara talatin a garin Greensboro yana tuƙa tirela, har ya sayi gida da fili a bayan gari, a wani wuri da ake kira Pleasant Garden. Matarsa ta rasu a can, an binne ta a can. 'Yarsu ɗaya, Rakiya, nas ce a wani asibiti. Wata rana bayan la'asar ya kira ni a waya, bai ma gama gaisuwa ba ya ce, "Tijjani, ka zo ka zaɓa mini iri."

Irin da yake nufi shi ne kattan. Masu zuwa kantin maganin Musulunci sun san shi, wasu 'yan ƙwayoyi masu santsi da ake ajiyewa kusa da hulba da habbatussauda. A ƙasashen sanyi noma shi ake yi gona guda, a matse mai. Rakiya ce ta fara zuba masa garinsa a kunu saboda lafiyarsa, shi kuma ya ce ɗanɗanon ya tuna masa da riɗin gida. Na ce masa ban taɓa noma shi ba. Ya ce, "Ai ɗan'uwan riɗi ne, kai kuwa wa ya fi ka?" Maimakon in ce ban sani ba, sai na ji daɗi.

Maganar biza ba zan ɓata muku lokaci da ita ba, layi ne da tambayoyi da faɗuwar gaba. Daga Kano na tashi cikin watan Fabrairu, da babbar riga sabuwa dal mai sitaci, wadda ta hana ni sakat a kujerar jirgi kusan kwana guda. Abincin da aka kawo, ban gane kan komai ba sai burodi da man shanu. Wata mata 'yar Gana da ke kusa da ni ta ga halin da nake ciki, ta ɗebo mini soyayyar ayaba daga jakarta, ita ta riƙe ni har muka sauka.

A filin jirgin da aka duba mu, wani ɗan ƙaramin kare mai dogayen kunnuwa ya zo ya zauna a gaban jakata, ya ƙi tashi. Aka kai ni gefe. Ma'aikaciyar ta buɗe jaka cikin ladabi tana fito da kaya ɗaya bayan ɗaya. Kilishin da na yo wa Yaya tsaraba, ta ce nama ba ya shiga. Kuka da busasshiyar kuɓewa da aka daka ta shinshina ta mayar. Sai ta zo kan ƙullin farin riɗi, mudu guda daga gonata, wanda na zo da shi don in nuna wa mutanen can yadda iri na gari yake. Ta ce irin shuka ba ya wucewa ba takarda. Ina kallo ta jefa shi a wani babban kwandon shara. Da ta tambaye ni abin da ya kawo ni, na gyara tsayuwa na ce na zo in koya wa yayana noma. Ta yi murmushi ta ce Allah ya ba da sa'a, ko dai wani abu mai kama da haka.

Rakiya ce ta tarye ni a Greensboro da wata ƙatuwar rigar sanyi a hannu. Muna fita waje iska ta buge ni har haƙorana suka amsa. A mota ta fara magana, rabi Hausa rabi Turanci, yadda 'ya'yan can suke yi.

"Baffa, gara in gaya maka gaskiya tun kafin mu isa. Baba ya faɗi a kicin wata biyu da suka wuce. Tun safe yana kwance a ƙasa har la'asar, sai da maƙwabcinsa ya ga bai fito ya ɗauki wasiƙu ba. Likita ya hana shi tuƙi. Wurin nan in ba ka tuƙi ko ruwan sha ba ka iya sayowa. Na ce a sayar da gidan ya dawo wurina, ya ƙi."

Na ce to ina kattan ya shigo?

Ta ce akwai wani Alhaji Mamman, mutumin Maraɗi, mai kantin kayan abincin gida, yana da ɗan injin matse man gyaɗa. Ya yi alkawarin in gonar ta ba da abin da za a matsa a kai kanti, ƙanensa da matar ƙanen za su tare a gidan Yaya su riƙa aikin tare, kullum da mutum a kusa da shi. "In haka ta faru na yarda ya zauna. In ba ta faru ba, ya yi mini rantsuwa zai bi ni. Shuka ɗaya na ba shi, Baffa, ba zan iya ba da biyu ba."

Pleasant Garden ba gari ba ne irin namu. Gida nan, sai ka yi tafiya kafin ka ga wani, kuma ba kowa a waje. Yaya na tsaye a bakin ƙofa da sanda, yana jan ƙafar hagu. Na bar shi ƙato mai cika ƙofa, na same shi rigarsa ta yi masa yawa. Ya riƙe hannuna ya daɗe bai saki ba, ya ce, "Malam ya iso." Tun muna yara bai taɓa kirana Malam ba.

Ɗakin marigayiya aka ba ni, har lokacin turarenta bai bar labule ba. Abinci kuwa Rakiya ke dafowa ranar hutunta ta jera a firji cikin robobi, kowace da sunan rana a jiki, mu ɗauko mu ɗumama a wani akwati mai ƙara. Tuwon garin shinkafa ne da miyar kuka, ba laifi, amma tuwon da ya kwana huɗu a sanyi ba ya da rai. Kwana na uku na ce bari in soya mana ƙwai da albasa yadda ya kamata. Mai na fara hayaƙi sai wani abu a rufin ɗaki ya kama ihu, na saki kasko na yi waje ba takalmi a kan ƙasa mai ƙanƙara. Yaya ya yi dariya har ya yi tari. Ita ce dariya ta ƙarshe mai kyau da na ji daga bakinsa.

Ranar Juma'a aka zo aka ɗauke mu zuwa masallaci, daga nan muka bi wani dogon titi da ake kira Gate City Boulevard, duk kantuna da wuraren sayar da motoci, muka tsaya a kantin Alhaji Mamman. Nan na ji kamar ina Maigatari ranar kasuwa, ga daddawa, ga gero a leda, ga mutanen Nijar suna ta "sa ba, sa ba" da juna, gaisuwarsu ta Faransanci. Yaya ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana nuna ni. "Ga ƙanen nawa da nake ba ku labari. Malamin gona ne, gwamnati ma shawararsa take nema." Alhaji Mamman ya kama hannuna da hannu biyu ya ce, "Malam, shekara ashirin muna jin sunanka. Jardan ɗin Alhaji Sale, wato lambun nan nasa, ya samu mai shi." Na sunkuyar da kai kamar mai jin kunya, alhali cikina fari ƙal.

Washegari aka zauna zaɓen iri a teburin kicin. Rakiya ta sayo kala biyu ta waya, an kawo su har ƙofar gida a kwali. Na uku kuma maƙwabcin nan ne ya kawo, wanda ya tsinci Yaya a ƙasa, wani dattijo baƙar fata mai suna Wolta, dogo, mai hula da ta sha rana. Nasa a cikin tsohon gwangwanin kofi ya zo da shi.

Na farkon na Rakiya, da na karanta bayanin jikin takardar na ga dogo ne mai kara ɗaya, ba ya reshe. Na ce wannan na zare ne, da shi ake saƙa, ba zai ba da 'ya'ya da yawa ba. Wolta ya gyaɗa kai ya ce haka ne. Na canka daidai, kuma wannan cankar ce ta ƙara kumbura mini kai.

Saura biyu. Na Rakiya na biyu ruwan zinariya ne, manyan ƙwayoyi masu sheƙi, daga can arewa kusa da iyakar Kanada. Na Wolta ƙanana ne, ja-ja mai duhu, ba kyan gani. Na yi musu abin da na saba yi wa riɗi. Na tauna, na zuba a ruwa na ga masu nutsewa, na murje a farar takarda na duba tabon mai. Mai zinariyar ya fi ta kowane gefe. Kuma ku kun sani, a wurinmu farin riɗi shi ne na fita waje, mai duhu na ƙauye ne, na kantu.

Ina jin Turanci, amma na Wolta sai ya maimaita. A hankali ya yi mini bayani. Ya ce nasa dangin matarsa ke noma shi a wannan yanki tun da daɗewa, gajere ne mai rassa, kuma yana nuna da wuri. Ya ce mai zinariyar iri ne mai kyau, amma an yi shi ne don ƙasar da ko a tsakiyar bazararsu dare da sanyi, kuma yana daɗewa kafin ya nuna. "A nan," in ji shi, "zafi ne abokin gabarsa. Dole ya yi fure ya ɗaura 'ya'ya kafin zafi ya sauko. Ku shuka a makon nan, ko na gaba. Ɗan sanyin safe ba ya kashe shi."

Na dubi taga. Itatuwa tsirara ba ganye ko ɗaya, ciyawa ta yi fari da ƙanƙarar asuba. Na fita na tura yatsa a jar ƙasar nan mai danƙo, yatsan ya ƙage. Na dawo na ce wa Wolta, da Turancin ofis mai kyau, a shekara talatin da biyu ban taɓa ganin an binne irin mai a ƙasa mai sanyi ya tashi ba. Iri ɗumi yake so da ruwa. A jira ƙasa ta yi zafi, a jira ruwa mai ƙarfi ya sauka, sannan a shuka, kuma mai zinariyar za a shuka.

Yaya ya dubi Wolta, ya dube ni. Ya daɗe yana juya kofin shayinsa. Sannan ya ce da Hausa, ya kuma maimaita da Turanci, "Abin da Malam ya ce shi za a yi."

Wolta bai yi musu ba. Ya sa hularsa, ya ce in mun shirya zai kawo tarakta. Gwangwanin kuma ya bar shi a kan tebur.

Sai zaman jira, kusan wata uku. A ciki muka yi azumi, azumin da ba ƙishirwa amma ba daɗi, mutum biyu a tebur da dabino, ba mai aiko da kunu, ba kiran salla sai na waya. A ciki aka wayi gari an ce an tura agogon ƙasar gaba da awa guda, kowa ya yarda ba gardama, ni kuwa na yi mako ina rikicewa. Wata rana gundura ta ishe ni na fita yawo a ƙafa a gefen titi. Kafin in yi nisa mota uku sun tsaya suna tambaya ko lafiya, ko motata ce ta lalace. Mutanen kirki ne, za su ɗaga maka hannu daga nesa, amma ba mai cewa shigo ka sha ruwa, kuma ko gidan ɗan'uwanka sai ka yi waya kafin ka je. Rakiya ta taɓa zagayawa da ni wata unguwar masu hali, Irving Park, don in buɗe ido. Filaye manya-manya a gaban gidaje, ana ba su ruwa ana ba su taki, kuma ciyawa ce kawai, ba akuya ba tunkiya. Na yi ta tsaki a mota ina cewa mutanen nan ba su san darajar ƙasa ba.

A farkon wannan jiran ne, wata safiya, na hango Yaya a bayan rumfar ajiye kaya, da sandarsa a hannu ɗaya da gwangwanin Wolta a hammata, yana watsa iri a wani ɗan wuri da bai fi shimfiɗar tabarma huɗu ba. Da ya gan ni sai ya ce, "Kada mutumin ya ga kamar mun raina kyautarsa." Na ce ai sadaka ka yi wa tsuntsaye.

Tsuntsaye ba su samu ba. Ya tsiro cikin sanyin nan, kore shar. A farkon watan Mayu ya yi fure, shuɗi mai haske, ya buɗe da safe ya zube kafin azahar, gobe wani ya buɗe. Kowace safiya Yaya zai ja kujera ya zauna a gabansa. Ni ma na gani. Da ina da sauran hankali da a ranar na je na buga wa Wolta ƙofa. Abin da na ce shi ne, "Inuwar rumfa ce ta taimake shi, ka bari ka ga namu."

A ƙarshen Mayu aka yi tsawa, aka sheƙa ruwa irin na gida, ƙasa ta yi ɗumi har tana tururi. Na ce yau ne. Wolta ya kawo tarakta ya baje eka biyu, muka shuka mai zinariyar. Kwana biyu aka sake maka wani ruwan, rana ta biyo baya. Jar ƙasar nan ba jigawar Gumel ba ce. Samanta ya bushe ya yi tauri kamar daɓen ɗaki, tsiron ya kasa fasawa. Na bi layi da ƙaramar fartanya ina farfasawa a durƙushe har gwiwoyina suka kumbura. Da ƙyar rabi ya fito.

Abin da ya fito kuma ciyawa ta taso masa, irin ciyawar zafi mai yaɗo wadda ba ta nan lokacin sanyi. In na nome gabas kafin in kai yamma gabas ta rufe. Zafin can kuwa kada wanda ya ce mini mun fi su. Namu busasshe ne, nasu jiƙaƙƙe, kana tsaye a inuwa riga na manne maka, kuma ko da asuba ba ya sauka. A cikinsa namu ya yi fure, a watan Yuli. Furen ya fito 'yan ƙanana, ya zube, ba abin da ya ɗaura. Inda ya ɗaura ɗan kwanso, in na murje sai iska, ko ƙwaya biyu a shanye. Daga baya kara ya fara yin baƙin tabo saboda laima, ya kwanta.

Ba na son tuna watan nan. Na daina cin abincin kirki. Rakiya in ta zo ba ta kallon gonar, sai ta wuce ciki da robobinta. Wolta kuma ya riƙa zuwa da yamma yana taya ni cire ciyawa, bai taɓa cewa ai na gaya maka ba. Na so ya faɗa, da na samu wanda zan yi wa fushi.

A watan Agusta Alhaji Mamman ya zo da kansa. Ya shiga gonar da takalminsa mai kyau, ya tsinki kwanso nan da can yana murzawa a tafin hannu yana hurawa. Ya dawo ya tsaya kusa da Yaya ya ce, "Alhaji, Allah ya sa haka shi ya fi alheri." Ya ƙara da cewa ƙanen nasa ba zai iya ƙara jira ba, an yi masa tayin aiki a wata jiha. Da zai tafi ya gaishe ni da hannu biyu kamar ranar farko, ya kira ni Malam, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Bayan ya tafi muka zauna a baranda ni da Yaya. Na ce, "Yaya, Wolta ke da gaskiya."

Ya ce, "Na sani."

"Tun yaushe?"

"Tun ranar. Shekara nawa ina ganin lokacin da mutanen nan ke fita gona."

Raina ya ɓaci, har muryata ta tashi. Na ce to me ya hana ka faɗa? Gidanka ne fa, zamanka ne a kai.

Ya dubi gonar. Sannan ya ce, "In ƙaryata ka a gaban baƙo? Ni na kira ka daga Gumel. Shekara talatin ba ni da abin nunawa a garin nan sai kai. Na ce ko Allah zai sa naka ya yi."

Na tashi na shiga ɗakin marigayiya na rufe ƙofa, na yi kuka irin wanda ban yi ba tun rasuwar mahaifiyarmu.

Na roƙi Rakiya. Na ce laifina ne ba na gonar ba, ta ƙara shekara ɗaya, zan dawo cikin sanyi in shuka na Wolta da hannuna, in bi duk abin da ya ce. Ta saurare ni har na gama, idanunta sun yi ja. Ta ce, "Baffa, kai za ka tafi ƙarshen watan nan. Daga nan har ka dawo wa zai ɗaga shi in ya faɗi?" Sai Yaya da kansa ya leƙo ya ce a bar maganar, ya yi rantsuwa.

Da ni aka kwashe kayan Yaya. Gidan Rakiya a hawa na biyu yake, a bayan Gate City Boulevard, ɗaki biyu da falo. Tagar ɗakin Yaya tana kallon wani filin sayar da motoci mai tutoci. Na hau da fartanyarsa da sauran kayan aiki na tsaya a falo ina neman inda zan ajiye, Rakiya ta ce a hankali, "Baffa, ba wuri." Muka mayar wa Wolta su. An kafa allon sayarwa a bakin gidan Pleasant Garden tun kafin in taso.

Ranar da zan tafi Yaya bai iya raka ni filin jirgi ba saboda matakala. Ya jawo wata 'yar kwalba daga ƙarƙashin matashi, an naɗe ta da tsohuwar safa. Mai ne, ruwan zuma, bai kai cikin kofin shayi biyu ba. Ashe tun watan Yuni ya girbe ɗan wurin nan na bayan rumfa, ya murje a cikin rigar matashi, ya ba Alhaji Mamman ya matse masa a ɓoye don kada in gani in ji ciwo. Ya ce, "Ga tsarabar gonata. Ita ke nan duka." Rakiya ta ce in na isa in sa a firji, man kattan ba ya jure zafi.

Hanyar dawowa ba abin da ya faru, ko kare bai kula ni ba. Na iso Gumel na tarar unguwarmu ta yi sati uku ba wuta. Kwalbar ta zauna a kan kabad, ina wucewa ina kallonta, na kasa buɗewa na kasa bayarwa. Yaya yana kira duk Juma'a. Yana tambayar riɗin bana, yana tambayar yara, bai taɓa ɗaga maganar ba. Na tambaye shi me yake yi da rana, ya ce yana zama a taga, ya san duk motar da aka sayar.

Shekaranjiya matata Asabe ta yi ɗanwake. Na ce ta bar man gyaɗan, na ɗauko kwalbar na buɗe. Tun kafin in zuba ta toshe hanci ta ce, "Malam, man nan ya lalace, kawo in zubar." Na ce ta bar shi. Na juye shi duka a kwanona, na sa yaji. Yana da ɗaci, yana kama maƙogwaro, idona har ruwa yake. Tana tsaye tana kallona na cinye, na suɗe kwanon.

Jiya Juma'a ya kira, ya ce, "Tijjani, ka ɗanɗana man kuwa?"

Na ce na ɗanɗana, Yaya.

"Ya yi?"

Na ce ya yi.

Ya ce, "Alhamdu lillahi. Ni ban samu na ɗanɗana ba."